Littafin Tsuntsayen NaKhule

Litinin, 12 ga Satumba, 6:10 na safe

Wannan littafin matata ne, NaKhule. A ciki take rubuta tsuntsayen da ke sauka bayan gidanmu, tun muna sabbin zuwa unguwar Luveve a nan Bulawayo. Jiya da sassafe na raka ta tasha ta hau motar Mutare. Ba ta ce in zo ba, ni ma ban ce zan zo ba. Da ta zauna sai ta leƙo ta taga, na matsa kusa ina zaton wata magana ce. Ta ce, "SaKhule, tsohon kwanon nan na gindin gwaiba, kada ya bushe. Kuma ka riƙa rubuta abin da ya zo."

SaKhule, wato uban Khule. Haka take kirana har yau, ko da yake shekara takwas ke nan da na hana a ambaci yarinyar a gidan nan.

To, na zuba ruwa. Abin da ya zo: kurciya biyu. Wani ƙarami mai ruwan toka. Wani shi ma ƙarami. Shekara talatin da huɗu ina tuƙa jirgin ƙasa, na san kowace tasha daga Bulawayo zuwa Hwange ko ido rufe, amma ban san sunan abin da ke kwana a kan bishiyata ba.

Talata, 13 ga Satumba, 1:30 na rana

Sai yau saƙonta ya shigo a waya: "Na iso. Suna ƙoƙarin saukar da jinin." Iyakarsa ke nan.

'Yarta tana asibiti da cikin wata bakwai. 'Yarmu. Na rubuta, shi ke nan.

Na dafa tuwo, ya yi gudaji. Na ci rabi da nono, na marmasa sauran a ƙasa. Kurciyoyin ba su raina ba.

Laraba, 14 ga Satumba, 6:05 na safe

Sanyi ya tafi da gaske. Na cire bargo ɗaya daga kan gado. Ɓangarenta ban taɓa ba.

Na buɗe shafukan baya don in ga yadda take yi. Ashe ba sunaye kawai take jerawa ba. Bara ta rubuta: "Shirwa ta farko ta dawo, 9 ga Satumba, ta yi shawagi a kan gidan Mbewe, kaji sun watse." Na ɗaga kai na duba sama kusan rabin awa kamar wani sakarai. Sai ga ta. Ta karkata wutsiya, ta juya ba tare da ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba. Ban san kwana nawa ta yi da dawowa ba. NaKhule, ki yi haƙuri, na makara da wannan.

Alhamis, 15 ga Satumba, 4:40 na yamma

Mbewe maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge ya same ni zaune a kujerarki da littafi a cinya. Shi ne mai tuta a jirgina shekara goma sha ɗaya, don haka yana ganin yana da izinin faɗa min duk abin da ya ga dama.

Ya ce, "Direba, an ba ka sabon aiki ke nan? Ƙidayar kurciya? Nawa ake biya, in kawo takarduna?"

Na ce masa ɗan Malawi da bai san komai game da tsuntsu ba sai gasa shi ba zai ci jarrabawar ba. Ya yi dariya har da tari. Sai ya nuna min farar ƙayar da ke kusurwar shinge, ya ce in duba ango. Wani tsuntsu ne rawaya jawur mai baƙar fuska, yana rataye kansa a ƙasa, yana saƙa ɗanyar ciyawa a kan reshe. A littafinki kin kira shi kabare. Mun daɗe muna kallo. Yana tafiya ya dawo da zare ɗaya a baki, ya cusa, ya jawo, ya ɗaure. Ni da ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba.

Da Mbewe zai koma ya tambayi labarin Mutare. Na ce da sauƙi. Ya ce motar tana tashi kullum ƙarfe shida, in dai ban manta hanyar tasha ba. Na ce kajinsa na kuka.

Juma'a, 16 ga Satumba, 6:15 na safe

Famfo ya ɗauke, sai Litinin in an yi sa'a. Na raba ruwan duro: na sha, na girki, na kwano. Wanka ya jira.

Asabar, 17 ga Satumba, 11:00 na safe

Wata lamba da ban sani ba ta kira sau biyu. Na san ko wane ne, mijin yarinyar ne. Na bar wayar a kan tebur tana rawa har ta gaji.

Macen kabare ta zo duba ɗaki. Ba ta da kyan launi irin nasa. Ta shiga, ta fito, ta yi gaba. Kafin in gama shan shayi ya warware sheƙar gaba ɗaya da bakinsa, ciyawa na zubowa. Aikin kwana biyu. Ya koma wani reshen ya fara sabuwa.

Lahadi, 18 ga Satumba, 2:00 na rana

Na je coci. Matan ƙungiyarki sun kewaye ni bayan an tashi, kowace tana tambayar jikin Sikhulile. Da cikakken sunanta suke tambaya, kai tsaye, kamar mutuniyar da suka gani jiya. Ɗaya ta ce ai hoton da kika nuna musu a watan Afrilu ta yi ƙiba, ta yi kyau. Wato su sun ga hoto.

Na daɗe da sanin cewa taron mata na Gweru da kike zuwa duk shekara ba a Gweru yake ba. Kina dawowa da ayabar Mutare a jaka, ina ci, ba na tambaya. Amma ban san har da hotuna ba.

Na dawo na duba aljihun gadonki. Ban samu ba. Na mayar da komai yadda yake.

Litinin, 19 ga Satumba, 5:50 na safe

Tsattsewa sun iso, biyu. Sun sauka a kan wayar shanya, suna leƙen ƙarƙashin rufin baranda inda tsohuwar sheƙarsu ta laka ta faɗi da sanyi. Ƙasa ta bushe ƙamas, ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba tun Afrilu. Ina za su samu laka?

Na duba littafi. Kowace shekara kin rubuta abu ɗaya: "Na jiƙa musu ƙasa." Na ɗebi moɗa uku daga duro na zuba a bayan kicin, na cakuɗa da sanda. Ba su zo ba sai da na koma ciki. Ta taga na gan su suna tafiya a kan lakar da ɗaga fiffike, kamar mata masu tattare zani.

Litinin, 6:20 na yamma

Kin kira. Minti biyu da daƙiƙa goma, wayar ta nuna min. Kin ce da rana yarinyar ta fara jijjiga, sun shiga da ita, sun ciro abin da ke cikin. Mace ce, tana kwalba, ba ta kai girman kwalbar lemo ba. Uwar ba ta farka ba tukuna. Na ce to. Na ji ƙarar takalma da ƙarfe a bayanki. Na ce tsattsewa sun dawo. Kika ce, "Ka jiƙa musu ƙasa?" Na ce na jiƙa. Kika ce, "To." Kika kashe.

Ba abin da na so in faɗa ba ke nan.

Talata, 20 ga Satumba, 6:00 na safe

Kurciya huɗu. Kabare. Tsattsewa biyu. Ba saƙo.

Laraba, 21 ga Satumba, 6:00 na safe

Ba saƙo.

Laraba, 5:45 na yamma

"Haka dai." Kalma biyu, daga ƙarfe uku.

Na rasa abin yi da hannuna, sai na sauko da akwatin tsofaffin littattafan daga kan kabad. Guda goma sha huɗu ne. A na uku rubutu ya kasu biyu: naki ƙanana a tsaye, da wasu manyan haruffa na fensir masu hawa da sauka. "Na ga bushiya a gindin lemo. Baba ya ce kada in taɓa. Na taɓa." A ƙasa an zana wani dunƙule mai ƙayoyi da ƙafa shida.

Na tuna ranar. Na dawo daga Hwange da gawayi har cikin kunne, ta tare ni a ƙofa da hular aikina a hannu, bushiyar a ciki. Shekararta bakwai. Na yi faɗa, ta tsaya ta dube ni har na gama, sannan ta tambaye ni me bushiya ke ci. Tun tana ƙarama haka take, ba ta gardama, ba ta kuma fasawa.

Ta ci gaba da rubutu a littattafan har na tara. Daga nan sai naki kaɗai.

Alhamis, 22 ga Satumba, 6:30 na yamma

Na zauna gindin lemo har duhu ya fara, ko bushiya za ta fito. Ƙadangare kawai na gani, sai wani kwaɗo da ya gano lakar tsattsewa ya zauna a tsakiya kamar shi ya biya kuɗin haya.

Juma'a, 23 ga Satumba, 10:20 na safe

Lambar nan ta sake kira. Sau uku.

Alhudahuda ya sauka a tsakar gida yana soka dogon bakinsa a ƙasa. Da ya gan ni ya buɗe tukkunsa, ya rufe. Wannan na san shi tun ina yaro a Tsholotsho. Yayana Mandlenkosi ne ya nuna min shi muna kiwon shanu, ya ce in ya fara kira sau uku-uku to a gyara garma. Yana iya kwaikwayon kukan da tafin hannu har tsuntsun ya amsa. Ni na gwada yanzu, iska kawai ta fito.

Ba na son in rubuta game da Mandla a littafin nan.

Asabar, 24 ga Satumba, 3:15 na yamma

Mbewe ya zo da giya kwalba biyu da soyayyar tsutsar mopane a takarda. Muka zauna a inuwa. Hawainiya na tsallaka wayar shinge, ƙafa ɗaya gaba, ta yi tunani, ta ja da baya. Na janye kujerata. Mu ba ma son ta kusa. Mbewe ya ce a duk Luveve bai ga wanda tafiyarsa ta yi kama da ta dabbar nan ba sai ni.

Sannan ya daina wasa. Ya ce yana nan a shekarar tamanin da uku lokacin da na dawo daga ƙauye na yi wata guda ban yi wa kowa magana a jirgi ba. Ya ce bai manta ba, kuma ba ya cewa in manta. Amma yaron nan, mijin 'yata, ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin. Na ce uban fa? Ya ce shi bai san uban ba, ni ma ban san shi ba, abin da na sani kawai shi ne soja ne kuma daga can ɓangaren ya fito. Na ce kakin ɗaya ne, shekarar ɗaya ce, harshen ɗaya ne da na waɗanda suka zo Tsholotsho suka kira malaman makaranta ɗaya bayan ɗaya suka zuba su a mota, har da Mandla.

Ya ce, "Zweli, 'yarka ce ke kwance."

Rabon da ya kira ni da sunana tun ranar jana'izar matarsa. Na ce ya kwashe kwalabensa. Ya kwashe, ya bar min tsutsar.

Lahadi, 25 ga Satumba, 9:00 na safe

Ban je coci ba. Ana jin waƙarsu daga nan in iska ta juyo.

Sheƙar tsattsewa ta kai rabin ƙwarya. Suna jera lakar ƙwallo-ƙwallo, sahun jiya ya bushe ya yi fari, na yau baƙi. Kabare yana kan sheƙa ta huɗu.

NaKhule, gidan nan ba shi da ƙara in ba ki nan. Ban san ke ce ke yin duk ƙarar ba: murfin tukunya, rediyo, takalminki na roba, faɗan da kike wa hankaka. Jiya na kama kaina ina yi masa faɗan da kalmominki.

Litinin, 26 ga Satumba, 12:40 na rana

"Ta buɗe ido. Ba ta gane kowa ba. Ta koma."

Na karanta a tsaye, na karanta a zaune. Na fito da ƙaramar jakata ta aiki daga ƙarƙashin gado, na karkaɗe ƙura, na mayar.

Talata, 27 ga Satumba, 6:00 na safe

Jakaranda ta kan titi ta fara fure. Ƙasan bishiyar ya yi shuɗi-shuɗi. Khule takan taka furannin don ta ji suna fashewa.

Na rubuta sunan.

Alhamis, 29 ga Satumba, 4:00 na yamma

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Ƙarfe bakwai saura, ina zuba ruwa a kwano, na ji ana tafa hannu a bakin ƙofa, tafi mai zurfi a hankali irin na gaisuwar mutanen can ɓangaren. Na zagayo. Shi ne, Tichaona, mijin Khule. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a falon nan, shekara takwas da suka wuce, ranar da na faɗi abin da na faɗa. A lokacin yana da kumatu. Yau ya rame, idonsa ja, rigarsa ta yamutse da zaman mota.

Bai shigo ba. Ya durƙusa a wajen ƙofa ya gaishe ni da harshenmu, yana tuntuɓe a kan kalmomin. Matar da ke sayar da tumatir a tsallake ta bar tirenta tana kallo. Don kada a tara min jama'a na ce ya shigo. Ban kai shi falo ba, bayan gida na kai shi. Na nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa gefen duro.

Ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Wannan ne ciki na huɗu, ukun farko ba su zauna ba. Ban sani ba. Ba wanda ya gaya min, don ni na ce kada a gaya min. Ya ce yanzu tana farkawa ta yi 'yar magana, amma idonta ba ya gani sosai, sai inuwa-inuwa, likitoci sun ce jinin ne, yana iya dawowa. Jaririyar tana shan nono ta ɗan bututu. Ya ce shekaranjiya wani dattijo ya zo duba maras lafiya a gadon kusa, ya yi gyaran murya, sai Khule ta juya kai ta ce, "Baba?" Da aka ce mata ba ni ba ne, ta juya ga bango.

Ya ce NaKhule ba ta san ya zo ba. Ya ce mata zai je gida ya yi wanka.

Tsattsewa suna ta wucewa ta kanmu da laka a baki. Can ya ce akwai wata magana, in na ba shi izini. Ban ba shi ba, ban kuma hana ba.

"Baba, mahaifina ya rasu shekara uku ke nan. Kafin ya rasu na tambaye shi. Na ce masa, ka je Tsholotsho a shekarar nan? Bai ce min e ba, bai ce min a'a ba. Ya ce in miƙo masa ruwa. Abin da nake da shi ke nan. Da ina da fiye da haka da na kawo maka."

Na so ya yi min ƙarya. Da ya ce ubansa mai dafa abinci ne a bariki, ko direba, da na san yadda zan yi da shi. Na tashi na shiga kicin, na tsaya riƙe da bakin tebur. Ban san tsawon lokacin ba. Na dafa shayi, na yanka burodi, na kawo masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ci kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba.

Ya ce akwai motar ƙarfe goma, zai koma da ita, ba zai iya barinsu kwana biyu ba. Ya ce ya sayi kujera biyu. Na ce ya yi asarar ɗaya. Ya ce to, Baba. Ya sake tafa hannu, ya tafi.

Bai tsaya ko awa uku ba. Awa tara zuwa, awa tara komawa.

Juma'a, 30 ga Satumba, 6:00 na safe

Ban ƙirga komai ba yau.

Asabar, 1 ga Oktoba, 5:55 na safe

Alhudahuda ya fara kira. Uku-uku.

Mandla yana da shekara talatin da ɗaya. Yanzu na ninka shi da 'yan kai. Ba mu da kabarinsa, ba mu da ko takalminsa. Duk shekarun nan ina ganin in na buɗe wa yaron can ƙofa, kamar na ce wa yayana shi ke nan, an wuce wurin. Ni kaɗai na rage da ke tuna muryarsa.

Amma Mandla malamin makaranta ne. Bai taɓa dukan yaro don laifin wani ba, har iyaye suna ƙorafi wai ya cika sanyi. Yau da safe na zauna ina ƙoƙarin jin me zai ce min. Ban ji komai ba. Tsuntsun kawai.

Asabar, 5:30 na yamma

Macen kabare ta shiga sheƙa ta shida da gashin tsuntsu a baki, ba ta fito da wuri ba. Shi kuma yana rataye a ƙasa yana karkaɗa fiffike yana ta surutu. Na kira Mbewe ta kan shinge ya zo ya gani. Rabonmu da magana mako guda. Ya leƙo ya duba, ya ce ai ango ya fi wasu haƙuri. Na ce ya rufe min baki ya saurara: duro na nan, moɗa na nan, kwano safe da yamma, laka sau ɗaya da safe har su gama ginin. Kada ya bar kyanwarsa ta tsallako.

Ya ce, "Ƙarfe shida take tashi, Direba. Zan buga maka ƙofa biyar saura."

Lahadi, 2 ga Oktoba, 11:30 na safe, a mota bayan Masvingo

Na taho da littafin, ban san dalili ba. Mbewe ya ce zai riƙe lissafin a ka, wato ba za a samu komai ba.

Ban gaya wa kowa ina hanya ba. Ina ta shirya abin da zan ce mata. Na fara da "Sikhulile, 'yata," sai in tsaya. Na gwada farawa da Mandla, ya yi tsawo. Na gwada farawa da ranar falo, ban iya maimaita kalmomin ko a zuci ba. Matar da ke kusa da ni ta ba ni dafaffiyar gyaɗa, ta tambaya ko biki zan je, ganin na sa kwat a wannan zafin. Na ce jika aka yi min. Ta yi min barka. Karo na farko ke nan da na faɗa da baki.

Lahadi, 5:40 na yamma, asibiti

NaKhule ce ta fara ganina, a baranda, tana ɗauke da kwanon abinci. Ta tsaya. Ta rame ita ma, ɗankwalinta ya karkace. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce kwat ɗin nan ai da na bari ta goge. Sai ta ajiye kwanon a kan benci ta rufe fuska da gefen zaninta. Na tsaya kusa da ita har ta gama.

Tichaona ya kai ni tagar ɗakin jarirai. Ya nuna min kwalba ta uku daga hagu. Ban ga komai ba sai wata 'yar hula da ƙafa ɗaya ja, tana harbin iska. Ya ce kullum haka take, nas-nas sun ce ta fi kowa faɗa a ɗakin. Na ce wannan daga wajenmu ta ɗauko. Ya yi dariya, ya kama kansa, ya dube ni. Na bar shi ya yi.

Sannan ɗakin Khule. Gado na ƙarshe, kusa da taga. Fuskarta ta kumbura, an aske gefen hannunta an liƙa allura. Akwai furfura biyu-uku a goshinta. Ban san 'yata ta yi furfura ba. Na tsaya a ƙarshen gadon da hula a hannu, duk abin da na shirya tun daga Masvingo ya gudu. Ta juyo, ta ƙanƙance ido tana neman inda inuwar take.

Ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Ni ne."

Na ji uwarta ta ja numfashi a bayana. Can Khule ta ce, a hankali, muryar ta dishe, "Matso, ba na ganinka daga nan."

Na matso. Ta ɗaga hannu ta lalubi fuskata, goshi, kunne, haɓa. Ta ce na tsufa. Na ce e. Na fara cewa, "Khule, ranar nan," ta ce, "Ba yau ba, Baba, na gaji. Zauna." Tichaona ya turo min kujera. Ta kama hannuna ta ɗora a kan bargo, ta rufe ido.

An kaɗa ƙararrawar tashin masu ziyara minti ashirin da suka wuce. Nas ta zo ta dube ni, ta dubi NaKhule, ta ja labule ta wuce. Barci take yi yanzu, numfashinta daidai. Na gwada zare hannuna sau ɗaya, ta ƙara damƙewa.

NaKhule, in kin zo karanta wannan shafin kika ga rubutun ya karkace, hannun dama ne ta riƙe. Da hagu nake yi.